Darasin Wannan Wata: Agugu da Danginsa, Tsirran da Ba Su Fure

Kowane manomi ya san yadda shuka take haihuwa. Gero ya yi bununi, ya yi ido, a yanka, a ajiye iri. Wake ya yi fure, ya yi kwanso. Ɗorawa ta yi tutu, ta yi kalwa. To, amma akwai wani dangi na tsirrai da bai bi wannan hanya ba. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ba ya ƙwaya. Duk da haka yana yaɗuwa, har masana sun ƙirga fiye da iri 10,000 a duniya. Da Turanci ana ce wa wannan dangi fan. A wannan darasi za a kira shi dangin agugu, domin agugu shi ne ɗansa da Hausawa suka daɗe da sani.

Mene ne agugu?

Agugu wata busasshiyar saiwa ce da masu magani suke kasawa a kasuwa tun zamanin da, ana saye domin fitar da tsila daga ciki. Wani likita Bature mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya tattara sunayen itatuwa da ciyayi na Hausa ya buga littafi a 1916. A ciki ya sa agugu. Ya ce saiwar fan ce, kuma a ganinsa ba a ƙasar Hausa take fitowa ba, kawo ta ake yi.

Mai saye ba ya ganin ganyen, sai guntun saiwa baƙi-baƙi mai sab'a a jiki. Shi ya sa mutum zai iya sanin agugu shekara da shekaru bai taɓa ganin shukarsa a tsaye ba. Abin da ake ce wa saiwar ma, a gaskiya kara ne da yake kwance cikin ƙasa kamar na citta. Daga jikinsa siraran saiwoyi suke sauka, ganyaye kuma su tashi sama. Danginsa na kusa suna son tsaunuka masu sanyi da laima, a Turai da kuma nan Afirka.

Inda dangin ya fi ƙarfi

Wanda yake son ganin dangin agugu da girmansa sai ya tafi Tsaunin Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, inda garin Gembu yake. Tafiya ce mai nisa daga Funtuwa. Ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa tana wajen mita 600 sama da teku. Mambila kuwa tana wajen mita 1,600. A can kusa ne dutsen Chappal Waddi yake, mai mita 2,419, wanda babu dutsen da ya kai shi tsawo a Nijeriya.

Duk sa'ad da aka hau mita 1,000, zafi yakan ragu da wajen digiri 6. Saboda haka Mambila ƙasar sanyi ce, har ana noman ganyen shayi a Kakara. Ruwan sama ma ba ɗaya ba ne. A kudancin Jihar Katsina akan sami wajen milimita 1,000 a shekara. Wato da za a bar durom a buɗe a fili, ruwan bai bushe ba, damina ɗaya za ta cika shi har ya ɗan zuba. A Mambila kuwa ana samun wajen milimita 1,800, kusan durom biyu ke nan, kuma damina takan kai wata bakwai. Bayan ruwan sama ga hazon sanyi da yake sauka ya lulluɓe itatuwa da safe, ganyaye su yi ta ɗiga.

Yawancin saman Mambila fili ne na ciyawa, makiyayar shanu. Kurmi ya rage ne a cikin kwazazzabai da bakin rafuka da gefen tsauni inda wuta ba ta cika kaiwa ba. Wanda ya fi suna shi ne kurmin Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, wanda hukuma ta keɓe tun 1969. A irin waɗannan kurmi ne ake samun babban yayan dangin, wato fan mai tsayuwa kamar itace.

Masana suna kiransa Cyathea manniana. An sa masa sunan wani Bajamushe, Gustav Mann, wanda ya yi yawon tattara tsirrai a Dutsen Kamaru a farkon shekarun 1860. Wanda ya hango shi daga nesa zai ce ɗan dabino ne. Gangar jikinsa siririya ce, baƙa, ba reshe, tana iya kai mita 6 ko fiye. A can ƙoli ganyaye suke bajewa kamar laima, kowane ganye ya kai mita 2 ko 3, an tsattsaga shi ƙanana-ƙanana kamar gashin tsuntsu. Gindin ganyen yana da ƙaya, mai kama shi da hannu ba shiri zai sha mamaki.

Gangar nan ba katako ba ce. Ba a yanka ta a fitar da allo. Siririn kara ne a tsakiya, sai gindayen tsofaffin ganyaye da tarin siraran saiwoyi suka naɗe shi kamar an yi masa zani. Wannan zani yana riƙe ruwa kamar soso. Wasu ƙananan tsirrai ma a kansa suke zama. Idan iska ta bushe, zanin ya bushe, shukar ta shiga wahala. Shi ya sa ba ta yin nisa da rafi, ba ta kuma son a sare manyan itatuwan da suke yi mata inuwa.

Sabon ganyenta yana da ban sha'awa. Ba ya fitowa a miƙe. A naɗe yake fitowa kamar ƙadandoniyar da aka taɓa, ko kamar gammo, sa'an nan ya riƙa warwarewa a hankali har ya baje. Wannan babbar alama ce ta gane yawancin dangin agugu, babba ko ƙarami.

Yadda yake haihuwa

A nan ne cibiyar darasin take, sai mai karatu ya natsu.

Idan aka juya bayan ganyen da ya ƙosa, za a ga wasu ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa, a jere reras. A wasu irin kuma layi ne a gefen ganye. Wanda bai sani ba zai ce cuta ce ta kama shi, ko ƙwan ƙwari ne. Ba cuta ba ce. Kowane ɗigo tarin 'yan jakunkuna ne, kowace jaka cike da wata ƙura mai laushi fiye da garin alkama. Wannan ita ce ƙurar iri. Idan jakar ta bushe sai ta fashe, ta harba ƙurar, iska ta ɗauka. Shuka ɗaya tana iya sakin miliyoyi a shekara.

Ƙwayar gero tana da ɗan tsiro a ciki, tana da guzurin abinci, tana da ɓawo. Ƙurar iri ba ta da ɗan tsiro a ciki, guzurinta kuma bai taka kara ya karya ba. Idan ta faɗa wuri busasshe, shi ke nan. Idan ta dace da wuri mai laima da inuwa sai ta tsira. Amma abin mamaki, abin da yake fitowa ba ya kama da uwar ko kaɗan. Wani ɗan kore ne shimfiɗaɗɗe, bai kai farcen ɗan yatsa ba, siriri har haske yana ratsa shi, yana manne da ƙasa. A kira shi ɗan faifai.

A ƙarƙashin ɗan faifan nan ne ake samun ɓangaren namiji da ɓangaren mace. Ƙwayar namiji tana da 'yan gasu da take kaɗawa. Ba ta tashi a iska, ƙudan zuma ba ya ɗaukar ta. Iyo take yi. Dole sai an sami ruwa kwance a wurin, ko da ɗigon raɓa ne, kafin ta iya kaiwa ga ta mace. Idan sun haɗu, daga nan ne sabuwar shuka mai ganye take tashi, ɗan faifai kuma ya shanye ya mutu.

Ke nan rayuwar tana hawa biyu. Shuka mai ganye ta haifi ɗan faifai, ɗan faifai ya haifi shuka mai ganye. Jika yake kama da kaka, ɗa bai kama da uwa ba. Wani Bajamushe mai suna Hofmeister ne ya bayyana wannan tsari sosai a 1851. Kafin a gane haka, mutanen Turai sun daɗe cikin ruɗu. Da suka ga shuka tana yaɗuwa ba a ganin ƙwayarta, sai suka ce ai ƙwayar ɓoyayyiya ce, wanda ya same ta ya sa a aljihu zai ɓace wa idon mutane. Ashe su ma sun yi zamanin layar zana.

Daga wannan bayani mai karatu zai gane dalilin da ya sa dangin agugu ya cika Mambila amma ya yi ƙaranci a ƙasar Katsina. Ƙurar tana zuwa ko'ina. Wurin da ɗan faifai zai yi makonni bai bushe ba shi ne yake da wuya.

'Yan'uwansa na gida

Ƙaranci ba rashi ba ne. Kudancin Katsina ya fi arewacinta ruwa, ga duwatsu, ga rafuka, ga fadamu. A irin wannan ƙasa dangin agugu suna nan, sai dai ƙanana ne, kuma sun iya ɓuya. Watan Agusta da Satumba ne lokacin ganin su.

Wurin dubawa na farko shi ne tsagar dutse, musamman gefen da rana ba ta daɗewa, inda ruwa yake tsattsafowa bayan an ɗauke sama. Akwai wani ɗan ƙarami da bai wuce tsawon tafin hannu ba, ganyensa kamar an ƙanƙanta ganyen giginya. Da rani sai ya ƙanƙance ya bushe, a ce ya mutu. Ruwa na sauka sai ya sake buɗewa. Akwai wani kuma mai siririn kara baƙi mai sheƙi kamar gashin wutsiyar doki, da 'yan ganyaye masu laushi dama da hagu. Shi yana son gaɓar rafi mai inuwa, da gindin suri, da bakin tsohuwar rijiya daga ciki.

Sai mashin zomo. Wannan ma Dalziel ya rubuta sunansa. Ɗan tsiro ne mai ganye kamar harshe, daga gindin ganyen wani ɗan tsinke ya miƙe sama kamar mashi. A jikin tsinken ƙurar irinsa take. Yana fitowa a ƙasa marar zurfi mai riƙe ruwa da damina, kamar wadda take taruwa a kan fa. Yara da makiyaya sun fi kowa sanin inda yake.

A cikin ruwa ma akwai su. Wani yana da ganye mai kunne huɗu, yana shimfiɗe a kan ruwan kududdufi ko gefen fadama. Wani kuma ana kiransa azola. Shi yawo yake a kan ruwa, ɗan ƙarami ne, kore ne, wani lokaci ya rikiɗe ya yi ja. Kada a haɗa shi da kainuwa, ita tana fure, ba dangi ɗaya suke ba. Azola yana da amfani ga mai noman shinkafa. A cikin ganyensa akwai wasu ƙwayoyin halitta da suke jawo sinadarin naitirojin daga iska, wato abin da ake saye cikin takin yuriya. Manoman Sin da Biyetnam sun yi ɗaruruwan shekaru suna barin sa ya rufe ruwan gonar shinkafa, ya ruɓe ya zama taki. Idan wuri ya karɓe shi yakan ninka kansa cikin 'yan kwanaki. Agwagi da kaji ma suna ci.

Abin da suke nuna wa manomi

Inda aka ga dangin agugu sun yi cincirindo a gindin dutse ko gaɓar rafi, wurin yana riƙe laima fiye da kewayensa. Sau da yawa irin wurin ne idon ruwa. Kudancin Katsina kuwa ƙasar mafarin ruwa ce. Kogin Sakkwato daga kusa da Funtuwa ya taso, ya bi ta Gusau. Wasu rafukan kuma suka nufi kudu wajen Kogin Kaduna. Ruwan da mutumin Zamfara yake ban-ruwa da shi, wani sashensa daga waɗannan tuddai ya gangara.

Itatuwan bakin rafi, irin su malmo da maɗaci da kanya da ɓaure da ɗinya, su ne rumfar wurin. Saiwarsu ta riƙe gaɓa, ganyensu ya tare rana, wanda ya zuba kuma ya rufe ƙasa ruwa ya sami damar nutsewa. Idan aka sare su domin gawayi, ko aka kai garma har bakin ruwa, ko aka saki wuta kowace shekara, ƙananan tsirran nan su ne suke fara ɓacewa. Babu mai kuka da rashinsu, don ba a cin su, ba a sayarwa. Amma bayan 'yan shekaru sai gaɓa ta fara zaizayewa, yashi ya cike rafi, ruwan da yake kaiwa watan Fabrairu ya ƙafe tun Disamba. Mai lambun rani shi zai fara ji a jikinsa, sai mata masu ɗebo ruwa.

Kuskure ne babba mutum ya ga taku goma na bakin rafi ya ce asarar gona ce. Buhun da zai ƙaru a nan bai kai kuɗin yashe rijiya ba. Abin da ya kamata shi ne masu gonakin bakin rafi su haɗu da mai unguwa da malamin daji, a yanke iyakar da gatari da garma ba za su wuce ba, a share hanyar tare wuta kafin ciyawa ta bushe, a kuma keɓe mashayar dabbobi wuri ɗaya domin kada kofato ya tattake gaɓar duka.

A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da wasu dazuzzuka 10 gandun daji na ƙasa, cikinsu har da Dajin Kogo na wannan yanki. Sai dai kowa ya san irin wahalar rashin tsaro da mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suka sha. Ba a ce kowa ya shiga daji neman ganye ba. Rijiyar unguwa da dutsen bayan gari sun isa wannan karatu.

Gargaɗi a kan shan agugu

Agugu yana fitar da tsila, wannan ba ƙarya ba ce. Likitocin Turai ma sun daɗe suna ba da irinsa. A 1775 Sarkin Faransa ya biya kuɗi masu yawa ya sayi asirin wani maganin tsila, da aka buɗe sai ga shi saiwar fan ce. Amma likitoci sun bar shi, kuma da dalili.

Sinadarin da yake cikin saiwar ba kashe tsila yake yi kai tsaye ba. Sumar da ita yake, ta saki hanji, sa'an nan a sha maganin wankin ciki a fitar da ita. Matsalar ita ce, tsakanin abin da zai sumar da tsila da abin da zai cuci mutum tazarar kaɗan ce. Ƙarfin saiwa kuma ba ɗaya ba ne, wata sabuwa wata tsohuwa, ba mai iya aunawa da ido. Idan ya yi yawa yakan kawo amai da zawo da jiri da shawara da jijjiga. Yakan taɓa jijiyar ido. Wani ganinsa ya dawo, wani ya makance har abada. Akwai waɗanda suka rasa rai. Haɗa shi da mai ko abinci mai maiƙo ya fi muni, domin mai yana sa dafin ya shiga jini da sauri. Mai ciki da yaro da tsoho da mai ciwon hanta ko ƙoda ko zuciya, kada su kusance shi.

Tun wajen 1960 aka sami ƙwayar magani mai suna nikulosamaid, daga baya a shekarun 1970 aka sami firazikwantel. Yawanci sha ɗaya ya wadatar. Wanda ya ga fararen gaɓoɓi kamar guntun taliya mai faɗi a bayan gidansa, sai ya je asibiti ko ɗakin shan magani a auna masa daidai nauyinsa.

Ita tsila daga naman shanun da bai dahu ba take shiga mutum. Saniya kuma ta samo ƙwanta daga ciyawar da mai tsila ya yi bayan gida a kai. Tsire da balangu su gasu har ciki, ba ja a tsakiya. Kowane gida ya haƙa masai. Idan an yi waɗannan biyu, tsila ta rasa hanya.

Makiyayin da yake kai shanu ƙasashen tsauni kamar Mambila shi ma ya kula. Akwai wani ɗan dangin mai babban ganye mai kusurwa uku, yana kai ƙugun mutum, yana mamaye fili bayan an yi ƙuna, domin karansa yana can cikin ƙasa wuta ba ta kai gare shi. Shanu ba su cika son sa ba sai in ciyawa ta yi wuya. Idan suka daɗe suna ci sukan yi fitsarin jini su rame. Amma a ƙasar Katsina, saniyar da ta yi jan fitsari an fi zargin ciwon da kaska take kawowa. Ko wanne ne, a kira malamin dabbobi da wuri.

Aikin aji

Ɗaliban ajin yaƙi da jahilci za su iya ganin duk wannan da idonsu, ba sai da kuɗi ba. A samo ganye ɗaya mai ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa a baya. Ganye ɗaya kawai, kada a tumɓuke shukar. A kifa shi a kan farar takarda, a ɗora littafi, a ajiye inda ba iska. Bayan kwana ɗaya ko biyu a ɗaga a hankali. Za a ga ƙura ta zuba, wani lokaci har ta zana siffar ganyen.

Daga nan a sami guntun jan bulo ko katangar tukunya, a tafasa shi cikin ruwa domin a kashe gansakuka, a bari ya huce. A sa shi cikin kwano mai ɗan ruwa, rabinsa a ciki rabinsa a waje. A barbaɗa ƙurar a sama, a rufe kwanon da farar leda, a ɗaure. A ajiye inda akwai haske amma rana ba ta bugawa, kamar kusa da randa. Ruwan kwano kada ya ƙafe, in za a ƙara a ƙara tafasasshe wanda ya huce.

Bayan mako huɗu zuwa takwas za a ga kore-kore ya shimfiɗu, daga baya 'yan faifai su bayyana. A riƙa yayyafa musu ruwa kaɗan da yatsa. Ganyen farko yakan ɗauki wata uku ko fiye kafin ya leƙo. A yi kwano na biyu a bar shi a buɗe ba ruwa. Kowane ɗalibi ya rubuta ranar da aka barbaɗa ƙurar a littafinsa, kuma kowace Asabar ya rubuta jimla ɗaya a kan abin da ya gani a kwano na farko, da jimla ɗaya a kan na biyu.